Wai akwai ƙa'ida, ko hadda ce kawai? Tambaya kan su in, on, at da for bayan aikatau a Turanci

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga malamanmu na Turanci. 'Yata tana ajin ƙarshe a sakandare, bana za ta zana WAEC da JAMB. Duk insha'in da ta rubuta, in ya dawo daga hannun malaminsu sai ka ga jan biro ya cika takardar, kuma ba a kan manyan kalmomi ba, a kan ƙananan nan ne: in, on, at, to, for, about. Ta rubuta "we discussed about the problem", aka soke about. Ta rubuta "I congratulate you for your success", aka soke for aka sa on. A wani wurin kuma ta rubuta "listen your parents", aka cusa mata to a tsakani. Wato nan a ce ta yi ƙari, can a ce ta yi ragi. Shin akwai wata ƙa'ida da yaro zai riƙe ya san wace kalma ce ke bin wane aikatau, ko kuwa hadda ce zalla? Don Allah a taimaka, lokaci ya ƙure mana.

Malam_Na_Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta sa'a. Gaskiyar magana, wani ɓangaren ƙa'ida ne, wani ɓangaren kuma sai an haddace. Bari in fara da wanda yake da tsari, tunda shi ya fi saurin gyaruwa.

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma na lura kuskuren "discuss about" ba daga sama yake faɗowa ba. Sunan da aka ciro daga aikatau ɗin shi ne yake ɗaukar preposition, wato ƙananan kalmomin nan irin su about, for da on, shi aikatau ɗin kansa ba ya ɗauka. Ana cewa "a discussion about the problem", amma "we discussed the problem". Ana cewa "a request for money", amma "he requested money". Haka "emphasis on" da "emphasise", haka "a demand for" da "demand", haka "an order for" da "order". Yaro ya saba jin sunan da jelarsa, sai ya ciro jelar ya liƙa wa aikatau. Ki sa ta rubuta waɗannan biyar ɗin bibbiyu, suna a hagu, aikatau a dama, kowanne cikin cikakkiyar jimla. Wannan kaɗai zai rage mata jan biro sosai.

Amma congratulate on, depend on, insist on, accuse of, waɗannan babu wani dalilin da zan ba ki wanda zai gamsar da yaro. Haka masu harshen suka gada, haka za a riƙe.

Sakatare_Birnin_Kebbi:
Wallahi Malam ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A ofishinmu da wuya takarda ta zo ba ta fara da "I write to request for" ba. Har manya masu digiri biyu. Ya zama kamar shi ne daidai, in ka cire for ɗin ma sai a ɗauka mantawa ka yi.

Bakatsine:
Ni a ganina Hausa ce ke kwance a ƙarƙashin duk kurakuran nan da Hajiya ta lissafo. Ku duba mana. Mu muna cewa "mun tattauna a kan matsalar", to yaro da zai juya ta sai ya nemo abin da zai tsaya a gurbin "a kan", ya sa about ko on. Muna cewa "saurari iyayenka", babu komai tsakanin aikatau da iyaye, sai ya rubuta "listen your parents". Muna cewa "jira ni", sai ka ji "wait me". Muna cewa "na taya ka murna don nasararka" ko "saboda nasararka", ga for ta shigo. Yaran ba rashin ƙoƙari ne da su ba, da Hausa suke tunani suna rubutawa da Turanci.

Sakatare_Birnin_Kebbi:
@Bakatsine, to ai mutanen Kudu ma suna cewa "discuss about" da "request for", su da ba Hausawa ba. Har Indiyawa na ji suna faɗa. Ka ga ba Hausa kaɗai ba ce.

Bakatsine:
Na yarda da kai a kan waɗannan biyun, bayanin Malam ya fi dacewa da su. Amma "wait me" da "listen me" fa? Nan kam sawun Hausa a fili yake.

Daliba_Mai_Nazarin_Harshe:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma akwai abin da ya fi wannan zurfi wanda nake so Anti Ummu_Hanan ta gane, don ta daina ganin kamar 'yarta ce ba ta da kai.

Aikin da Turanci ke ɗora wa waɗannan ƙananan kalmomi, Hausa a cikin jikin aikatau take yin mafi yawansa. Mu wasalin ƙarshe muke canzawa. Fita da fito: na farko ka nufi can, na biyu ka nufo nan. Saya, sayo, sayar, saye. Aika da aiko. Wani masani ɗan Ingila, F. W. Parsons, shi ya tsara wannan a 1960 ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, abin da muke kira giredi a jami'a. Bature in zai faɗi abin da muke faɗa da "sayo", sai ya haɗa kalmomi da yawa. Mu kuma in za mu faɗi abin da yake faɗa da look at, look for, look after, sai mu kawo aikatau uku daban: duba, nema, kula.

Dubi maganar aro. Muna cewa "ara mini biro", muna cewa "na ari biro". Saiwa ɗaya ce, ƙarshen ne ya bambanta mai bayarwa da mai karɓa. Haka "ranta mini" da "na ranci". Turanci kuwa kalmomi biyu ne da ba su ko yi kama ba, kowacce da abokiyar tafiyarta: "lend something to somebody", "borrow something from somebody". Daga nan "borrow me your pen" ta samo gindin zama a bakin yaranmu.

Sannan "a" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar aikin in, on da at gaba ɗaya. A Kano, a tebur, a tasha, a ranar Juma'a, a watan Mayu. Yaron da ya tashi da kalma ɗaya aka ce ya raba ta uku, dole ya yi tuntuɓe kafin ya saba.

Ummu_Hanan:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wallahi ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan matsalarmu hawa biyu ce, domin kafin yaro ya fara Ingilishi a kwaleji ya riga ya sha Faransanci tun daga lakwal ta firamare. Sai Faransancin ya shiga tsakani. A Faransanci ana cewa "dépendre de", sai yaro ya rubuta "depend of". Ana cewa "se marier avec", sai ya rubuta "married with". Ana cewa "entrer dans", sai ya rubuta "enter in the room". Ana cewa "répondre à", sai ya rubuta "answer to the question".

Abin mamakin kuma, inda Hausa ba ta sa komai, sau da yawa Faransanci ma ba ya sawa: écouter, attendre, chercher, regarder, duk kai tsaye suke kama abin da aka yi wa aikin. Saboda haka "wait me" ɗin da Bakatsine ya faɗa, mu harsuna biyu ne suka taru suka goya mata baya. Mushenmu, wato malaminmu, na Ingilishi yakan sa mu rera su da ƙarfi a aji: listen to, wait for, look for, look at, pay for. Har yau da wannan rerawar nake tuna su.

Yanzu kuma tun da dokar 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a nan Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, matasa sun ƙara ba Ingilishi ƙarfi. Zauren nan yana mana amfani sosai.

Alaramma_Gwale:
Assalamu alaikum. Ni ba malamin Turanci ba ne, nahawun Larabci na karanta, amma wannan muhawara ta tuna mini da babin huruful jarri, wato ƙananan kalmomin Larabci masu irin wannan aiki. Duk wanda ya yi Islamiyya bai kamata wannan abu ya zame masa baƙo ba. A Larabci "raghiba fi" na nufin ya so abu ya yi kwaɗayinsa, "raghiba an" kuma na nufin ya ƙi shi ya juya masa baya. Aikatau ɗaya, harafi ne kawai ya canza, ma'ana ta kife. Hadisin nan da muka haddace, "man raghiba an sunnati fa laisa minni", in da za ka cire "an" ka sa "fi" ai ka juya maganar gaba ɗaya. Haka "da'a lahu", ya yi masa addu'ar alheri, da "da'a alaihi", ya yi masa mummunar addu'a.

Malamanmu na zaure ba su taɓa koya mana fi'ili, wato aikatau, tsirara ba. Tare da harafinsa ake ba ka shi, cikin jimla, ka maimaita har ya zauna. Ina ganin da malaman boko za su bi wannan hanya, da an huta. Hajiya, in 'yarki ta yi Islamiyya, ki nuna mata wannan misalin, za ta kama nan take.

Malam_Na_Zariya:
Allah ya gafarta Malam, ka ba ni abin shiga aji gobe. Turanci ma yana da irin wannan sak. "Shout to somebody" ka ɗaga murya ne don ya jiyo ka daga nesa, "shout at somebody" kuwa tsawa ka daka masa. "Throw the ball to him" ka jefa masa ya cafe, "throw a stone at him" jifansa ka yi. "Laugh with" kuna dariya tare, "laugh at" shi kake yi wa dariya. A irin waɗannan, at tana ɗauke da ma'anar auna mutum. To nan akwai ƙa'ida, ba hadda ba ce zalla.

Sarkin_Yakin_Arewa:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Turanci harshen uwar wa ne a cikinmu? In na ce "we discussed about it" wa ye bai gane ba? Amurkawa sun canza Turanci yadda suke so ba wanda ya ce musu kanzil. Mu ma muna da namu. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da okada da danfo da "next tomorrow" da Kannywood. In su da kansu sun karɓi namu, don me za mu riƙa zane yaranmu a kan about?

Yar_Sakkwato:
@Sarkin_Yakin_Arewa maganarka tana da daɗin ji, amma ba ita za ta ba yarinyar nan credit ba. Ba kuma wanda ya ce a zane kowa.

Malam_Na_Zariya:
Yallaɓai Sarkin Yaƙi, ban ƙi maganarka ba. Turancin Nijeriya abu ne da masana suka daɗe suna nazari, kuma ni ba na gyara wa mutum magana a kasuwa ko a wurin ɗaurin aure. Amma kalmomi ƙamus ɗin ya karɓa, bai karɓi "discuss about" ba. Ga kuma yadda ake duba insha'i a WAEC: maki 50 ne, 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da ƙa'idar rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki ake cirewa, kuma sa preposition ba daidai ba ko barin ta yana cikin abin da ake ƙirgawa. Kuskure 20 a insha'i mai kalmomi 450, goman nan ta tafi. Na sha ganin yaro mai ra'ayi mai kyau, labarinsa ya tsaru, amma ya tashi da sifili a wannan gurbin. Ga JAMB kuma, Use of English dole ne ga kowa, tambayoyi 60 cikin 180, kuma ba a rasa na cike gurbi da irin waɗannan kalmomi. Ba credit a Turanci, ba jami'a. Wannan ne ya sa nake matsa wa yarana.

Sarkin_Yakin_Arewa:
To a jarrabawa na ji. Amma ina nan kan bakana cewa nan da wasu shekaru su WAEC ɗin ne za su sauko.

Nas_A_Manchester:
Sannunku da muhawara. Ina aikin jinya a Ingila, kuma ina so in ce wa Yaya Sarkin Yaƙi akwai inda ƙaramar kalmar nan take canza abin da aka rubuta a fayil ɗin majiyyaci. In aka rubuta "the patient complained of chest pain", ana nufin ya ce ƙirjinsa na ciwo, alama ce ta rashin lafiya, likita zai duba. In aka rubuta "the patient complained about the nurse", ƙorafi ne ya shigar, wani ofishi daban zai ɗauka. "Complained to the nurse" kuma ita ya kai wa kukan. Akwai wata abokiyar aikinmu, ba 'yar Nijeriya ba, da ta rubuta about a inda to ya kamata, sai da aka kira taro kafin a gane majiyyacin ba ƙarar kowa ya kai ba.

Haka "care for" da "care about". Na farko ɗawainiya ce, ka yi wa mutum wanka ka ba shi magani. Na biyu damuwa ce a zuci. Sai "suffer from", "recover from", "operate on", "admit to", "discharge from", "allergic to". Kullum da su muke kwana muke tashi. Masu shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, don zuwa aikin jinya, hukumar nas-nas ta nan tana neman 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, kuma rubutun nan shi ke kayar da mutanenmu.

Lauya_Mai_Kare_Talaka:
Mu ma a kotu haka ne. "Accused of theft", "charged with theft", "convicted of theft", "sentenced to two years", "acquitted of the charge". Laifi ɗaya, mutum ɗaya, amma kowane mataki da kalmar da ke binsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne search. "The police searched the man" caje shi suka yi, suka laluba aljihunsa. "The police searched for the man" nemansa suke, ba su ma gan shi ba. In mai fassara a kotu ya yar da for ɗin nan, shaidar ta zama wata aba daban.

Amarya_Sabuwa:
Don Allah tunda Dan_Damagaram ya ambaci married, a warware mini. A katin biki na ga an rubuta "got married with". Wanne ne daidai?

Yar_Sakkwato:
"She married Musa", babu komai a tsakani, kamar yadda muke cewa ta auri Musa. "She got married to Musa" ko "she is married to Musa", da to. In kika ji "she is married with three children", ana nufin tana da aure da 'ya'ya uku. Shi ya sa "married with Musa" ke yi wa Bature banbaraƙwai. Allah ya ba da zaman lafiya amarya.

Amarya_Sabuwa:
Amin Anti, na gode.

Injiniya_Houston:
Wani abin da ke ƙara rikita yara shi ne, a makaranta Turancin Ingila ake koya musu, a waya kuma na Amurka suke ji dare da rana. Nan Amurka ana cewa "write me", a Ingila "write to me". Nan "on the weekend", can "at the weekend". Nan za ka ji "they protested the decision", can "protested against the decision". Nan "different than" ta zama ruwan dare, can za ka ji "different to", amma "different from" ita ce kowa ya yarda da ita. Yaro ya ji abu a YouTube daga bakin Bature, ya rubuta, malami ya soke, sai ya ga kamar malamin ne bai sani ba. Shawarata ga 'yar Hajiya, a jarrabawa ta tsaya kan na Ingila.

Dan_Nima_Accra:
Salamu alaikum daga Nima. Mu ma WASSCE ɗin nan, wato jarrabawar WAEC, muke zanawa a Gana, hukumar ɗaya ce tun 1952. Yaran zango suna tashi da Hausa da Twi da Turancin titi, kuma kurakuranmu kusan iri ɗaya ne da naku. Wanda na fi ji a nan shi ne "cope up with". Malam, wannan fa?

Malam_Na_Zariya:
Ɗan'uwa na Nima, "cope with" ne kawai, babu up. Ina jin an gauraya ta ne da "keep up with" ko "put up with". 'Yar'uwarta ita ce "round up" da masu gabatar da taro ke cewa in za a rufe. Kammalawa "round off" ce. "Round up" tattarowa ce, kamar a tattaro shanu ko 'yan sanda su yi kame. Sai "comprise of": ko dai "comprise" ita kaɗai, ko "consist of". Sai "prefer tea than coffee", wanda ya kamata ya zama "prefer tea to coffee".

Mai_Neman_Aiki:
Malam a taimaka da na takardar neman aiki. "Apply to" ne ko "apply for"? Kuma me ya sa ake cewa "I look forward to hearing from you"? An koya mana bayan to ba a sa ing.

Daliba_Mai_Nazarin_Harshe:
Kafin Malam ya zo. "Apply for" abin da kake nema, "apply to" wurin da kake nema: "I applied to the company for a job". Game da ta biyun, to iri biyu ce a Turanci. Akwai wadda ke gaban aikatau, kamar "I want to go". Akwai kuma wadda preposition ce, suna take bi. Ga yadda za ka gane: gwada sa suna a bayanta. Za ka iya cewa "I look forward to your reply", ka ga ta karɓi suna, to in aikatau zai zo wurin dole ya ɗauki ing. Amma ba za ka ce "I want to your reply" ba. Haka "object to paying", "I am used to waking early", "confess to stealing". Kuma duk sauran haka suke: "insist on going", "good at cooking", "interested in learning", "apologise for coming late". Anti Ummu_Hanan, wannan ƙa'ida ce tsayayya, a rubuta ta da babban baƙi.

Mai_Neman_Aiki:
Kai, Allah ya ƙara basira. Yau na gane.

Bakatsine:
Ga wata da ke cikin layin maganata ta farko. Muna cewa "faɗa mini", "ba ni", "bayyana mini". Turanci ya yarda da "tell me" da "give me", amma ya hana "explain me". Wannan kuma wane irin son kai ne?

Daliba_Mai_Nazarin_Harshe:
Akwai tarihi a ciki. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin sun kwararo cikin Turanci. Tsofaffin aikatau na asali, gajeru, irin su give, tell, show, send, bring, suna yarda mutum ya biyo su kai tsaye. Da yawa daga cikin baƙin, irin su explain, describe, suggest, donate, announce, sai da to: "explain it to me", "suggest something to him". Ba ƙa'ida ce marar togiya ba, don offer da promise baƙi ne amma ana cewa "offer me", "promise me". Say kuma ta asali ce amma sai an ce "say to me". Duk da haka tana taimakawa wurin hasashe.

Direban_Kano_Abuja:
Ni tawa ta mota ce. Fasinjoji in suna waya wani ya ce "I am in the bus", wani "on the bus". Wani "we have reached to Kaduna", wani "arrived Kaduna".

Yar_Sakkwato:
"On the bus", "on the train", "on the plane", amma "in the car", "in a taxi". Yadda aka koya mana, abin da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa on ne, wanda sai ka sunkuya ka zauna in ne. Babur da keke da doki kuma on, tunda a kai kake. Reach ba ta son komai: "we have reached Kaduna". Arrive kuma sai da rakiya: "arrive in Kaduna" in gari ne ko ƙasa, "arrive at the motor park" in wuri ne takamaimai. Home kuma ba a sa mata komai, "arrive home". Allah ya tsare hanya direba.

Ummu_Hanan:
Jama'a na gode ƙwarai, na kwafe duk bayanan nan. Amma har yanzu ina da sauran tambaya: waɗanda ba su da ƙa'ida, ta yaya za ta riƙe su cikin 'yan watannin da suka rage? Na sayo mata wani ɗan littafi mai jerin su kusan shafi goma, ta haddace yau gobe ta zube.

Malam_Na_Zariya:
Hajiya jerin nan ba ya zama a kai, domin kalmomi ne tsirara. Ta samu littafin rubutu guda, kowace rana aikatau biyar kacal, kowanne ta gina masa jimla a kan rayuwarta: "I depend on my mother", "my brother insists on driving", "I apologised to Aunty for breaking the cup". Ta karanta su da ƙarfi, kamar yadda Alaramma da Dan_Damagaram suka faɗa, don kunne ya saba. Ta kuma fara da kurakuranta na kanta, waɗanda malaminta ya ja wa layi, ba na littafi ba. In kuna da ƙamus na masu koyo irin na Hornby, ki nuna mata cewa a gaban kowane aikatau ana rubuta abin da ke binsa da baƙi mai kauri. Yawancin yara ma'ana kawai suke dubawa su rufe.

Injiniya_Houston:
Ni kam ban yarda da hadda ba ko kaɗan. Karatu ne magani. Yaron da ke karanta littattafan labari da jarida, ko yana sauraron labarai da Turanci, kunnensa ne zai gaya masa "depend of" ba ta zauna ba, ko bai san dalili ba. Matsalar yaranmu ba sa karanta komai sai abin da za a tambaye su.

Malam_Na_Zariya:
Injiniya maganarka gaskiya ce ga ɗan aji ɗaya mai shekaru a gaba. Wadda jarrabawa ta ƙarato mata dole a haɗa mata biyun.

Alaramma_Gwale:
Hadda ba ta hana fahimta, ita ce ma take riƙe ta. Mu dai haka muka gani a tsangaya.

Sarkin_Yakin_Arewa:
To ga shi yanzu na gani a wata jaridar Turawa an rubuta "congratulated him for". Malam me za ka ce?

Malam_Na_Zariya:
Ana samu, musamman in abin da ya biyo baya aiki ne da mutum ya yi, kamar "congratulated him for speaking out". Ba zan ce maka babu ba. Amma in tambayar cike gurbi ta zo da "congratulate him ___ his success", on ake nema, kuma ita zan ce yarinya ta zaɓa. Haka "die of" da "die from", duka ana faɗa, amma a jarrabawa in cuta ce of ta fi aminci.

Dan_Damagaram:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni, don ɗalibanmu masu shirin BAC, jarrabawar kammala sakandare a nan Nijar. Agree fa? Ina ganin with, ina ganin to, ina ganin on. Mu nan har "I am agree" yara ke rubutawa saboda "je suis d'accord".

Yar_Sakkwato:
"I agree" kawai, babu am. "Agree with" mutum ko ra'ayinsa: "I agree with you". "Agree to" abin da aka gabatar maka ka amince: "he agreed to the plan". "Agree on" abin da kuka zauna kuka tsayar tare: "we agreed on a price". Akwai kuma "the food did not agree with me", wato abincin bai karɓe ni ba. Malam_Na_Zariya a duba mini ko akwai gyara, sannan wani ya kawo mana bambancin "hear of", "hear about" da "hear from", don ita ma tana yawan fitowa.